Ka wanke lagireto ka zuba sabon kulant, bayan kwana biyu kala ta canza? Ga yadda zaka gano matsalar

Watannin baya yayana ya kira ni da sassafe hankalinsa a tashe, wai an kashe masa inji. Ashe ranar Asabar ya kai motarsa gareji aka wanke mata lagireto, ya sayi kulant, wato ruwan sanyaya inji, ja jawur kamar zoɓo aka zuba, ranar Talata da ya ɗaga bonet sai ya tarar ruwan ya koma kalar shayin da ba madara. Wani a majalisarsu har ya yanke masa hukunci cewa tob gasket, wato fatar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ne ya ƙone sai an sauke kan inji. Na ce yaya dan Allah kar ka bari kowa ya taɓa maka noti ko ɗaya, bari in zo da gorar ruwa. Abin da muka yi ranan shi zan shimfiɗa a nan daki-daki, saboda na ga mutane da yawa sun kashe kuɗin da bai kamata ba a kan wannan, na kuma ga waɗanda suka share abin har giyar motarsu ta lalace.

Abu na farko da ya kamata ka riƙe, kalar nan da kake gani rini ce kawai. Sinadarin da ke cikin yawancin kulant, wato etilin gilaikol, shi kansa ba shi da kala, fari ne tas kamar ruwa, kamfani ne ke zuba masa rini. Toyota na da ja na da, da kuma ruwan hoda wanda suka koma yi wajen 2004, Honda nasu shuɗi ne, Volkswagen na da G11 mai shuɗi-shuɗi da G12 mai ruwan hoda da G13 mai kalar shanshanbale, Dexcool na motocin Amurka kalar lemo ne. Babu wata doka da ta ce kala kaza dole sinadari kaza ne, kamfani biyu na iya yin kore amma abin da ke ciki ya sha bamban. Shi ya sa tambayar da ta fi muhimmanci ba "wace kala ya koma" ba ce kaɗai, tambayar ita ce ruwan garau yake ana gani ta cikinsa, ko ya yi gurɓi, ko kuwa maiƙo ne a kansa. Waɗannan ukun su ne ke raba ƙaramar matsala da babba.

Mataki na 1: bari inji ya huce, sannan ka ɗebi ruwan

Kar ka kuskura ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi, wallahi ba wasa ba ne. Murfin nan yana riƙe iska mai ƙarfi, zaka ga an rubuta 0.9 ko 1.1 a kansa, kuma saboda wannan matsin ruwan na iya wuce digiri 100 bai tafasa ba, kana buɗewa zai yi tsiri ya watso maka a fuska da hannu. Da safe kafin ka tada mota shi ne lokacin da ya fi.

Ka samu gorar ruwa fara guda 2 ka wanke su. A ɗaya ka zuba ruwan da ka ɗebo daga lagireto, sirinji babba da ɗan siririn tiyo zai yi maka, ko ka sassauta ɗan famfon da ke ƙasan lagireto ka tara kamar rabin kofi. Kar ka zuƙa da baki irin yadda ake wa fetur, guba ne. A ɗaya gorar ka zuba ragowar sabon kulant ɗin da ka saya. Ka fito da su rana ka jera. Sau da yawa anan ma magana ke ƙarewa, domin robar ajiyar ruwan nan da ke gefen lagireto idan ta tsufa takan yi rawaya, ruwan hoda a cikinta sai ya yi kama da lemo ko ƙasa-ƙasa alhali lafiyarsa lau.

Idan kalar ta bambanta da gaske, rufe gorar ka ajiye ta wuri ɗaya ta kwana, kar a girgiza.

Mataki na 2: karanta gorar washegari

Idan ruwan garau yake, ba laka a ƙasa ba maiƙo a sama, kala ce kawai ta juya, to tsohon kulant ne ya gauraya da sabo. Ja ko ruwan hoda ya haɗu da kore sai ya ba da ƙasa-ƙasa, shuɗi ya haɗu da rawaya sai kore. Mutane na mamakin ina tsohon ya ɓoye tunda a gabansu aka tsiyaye, to ai lagireto ba shi kaɗai ke riƙe ruwa ba. Akwai ruwa a cikin bulok na inji, akwai a kan silinda, akwai a cikin ɗan ƙaramin lagireton hita da ke ƙarƙashin dashbod, ga tiyo-tiyo. Idan ƙasan lagireto kawai aka buɗe, wajen rabi ne ke fita a motoci da yawa, sauran na nan kwance, sai inji ya yi zafi tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke ba ruwa hanya zuwa lagireto, ya buɗe sannan su haɗu. Shi ya sa a gareji kala ke yin kyau, sai ka yi tafiyar kwana ɗaya ko biyu ta canza.

Idan kalar ta koɗe ce, ja ya koma kamar an wanke kofin zoɓo, wannan ruwan wanki ne ya rage a ciki ya tsinka maka kulant. Zan dawo kan lissafinsa a ƙasa domin nan ne kusan kowa ke kuskure. Ko kuma, a gaskiya, abin da aka sayar maka ba kulant ba ne, ruwa ne da rini. Akwai gwaji mai sauƙi da nake so kowa ya sani: ɗebi kaɗan daga sabuwar jarkar a ƙaramar gora ka saka a firiza ya kwana, idan babu wuta ka roƙi mai ƙanƙarar unguwarku, amma ka ɗaure murfin sosai ka rubuta a jiki kar wani yaro ya ɗauka lemo ne. Kulant na gaskiya rabi da rabi ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen 37 ƙasa da sifili, firizar gida kuwa wajen 18 ƙasa da sifili take tsayawa. Idan an rubuta rabi da rabi a jarkar kuma ka tarar ya zama ƙanƙara kamar dutse, to ruwan kala ka saya.

Idan akwai laka ja-ja ko ƙasa-ƙasa kwance a gindin gorar kamar ruwan kududdufin damina, tsatsa ce. Wannan shi ne abin da muka samu a motar yayana, kuma shi ya fi yawa a wajenmu, dalili kuwa sananne ne, shekara da shekaru muna ɗura wa mota ruwan rijiya da na bohol da fiya wata, muna cewa ai kulant na ƙasashen sanyi ne mu da ba mu da dusar ƙanƙara me zai mana. Alhali babban aikinsa a wajenmu hana tsatsa ne da ɗaga ma'aunin tafasa, rabi da rabi da murfi mai kyau na 1.1 yana kai wajen digiri 129 kafin ya tafasa, wanda ya taɓa shiga go-sulo a Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu da AC a kunne ya san amfanin wannan. Injinan da bulok ɗinsu ƙarfe ne irin Golf 3 da tsohuwar Camry mai injin 5S da Peugeot 504 su suka fi tara tsatsa idan aka daɗe ana musu ruwa zalla. Maganin wankin da aka zuba ya jiƙa tsatsar ya sassauta ta amma ba a ɗauraye sosai ba, sai ta ci gaba da saki cikin sabon ruwanka.

Idan ka ga baƙin gari-gari ko ruwan ya yi duhu, duba tiyo, roba ce ke zagwanyewa daga ciki. Matsa su da hannu, wanda ya yi laushi kamar burodi ko ya kumbura ko ya bushe yana ƙaras-ƙaras, canza shi. Idan toka-toka ne mai yauƙi, ka tambayi tarihin motar, wataƙila an taɓa zuba mata maganin toshe yoyo. Idan kuma kumfa ce fara a sama ba maiƙo, wataƙila omo ne, masu wankin lagireto da yawa da shi suke aiki kuma ba ya fita da ɗauraya ɗaya.

Sai na ƙarshe wanda shi ne nake tsoro: maiƙo yana yawo a sama, ko ruwan ya yi kauri kamar shayi mai madara da yawa. Idan wannan ka gani, ajiye makullin motar tukuna ka wuce mataki na gaba.

Mataki na 3: idan maiƙo ne, gano daga ina yake

Ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda ka bari ta bushe, mai zai bar tabo irin na takardar ƙosai, ruwan tsatsa kuwa gari zai bari. Sannan zaro sandar gwada baƙin mai ka duba, ka buɗe murfin zuba mai ka leƙa ƙarƙashinsa. Idan man ya zama fari-fari kamar kunun gyaɗa ko ya haura alamar cika ba ka ƙara ba, ruwa ya shiga mai, kar ka ƙara tada injin nan, a jawo ta zuwa gareji.

Amma fa sanda ta fito tsaf ba ya nufin ka tsira. Motocin da ke da kular mai, wato ɗan akwatin da ruwa ke sanyaya baƙin mai a ciki, idan ya huje mai ne ke tura kansa cikin ruwa saboda ƙarfin famfon mai ya fi matsin ruwa nesa ba kusa ba, sai ka ga lagireto cike da maiƙo amma man inji lafiya. Anan ake cutar mutane da yawa, a sauke kan inji a canza gasket a kai a goge, a haɗa, maiƙo ya dawo, alhali ɗan akwatin nan ne ko robarsa. Ka ce wa bakanikenka, Oga dan Allah a fara duba kular mai kafin a kwance tob, in mai gaskiya ne ba zai ji haushi ba.

Idan motarka otomatik ce ka duba man giya ma. Yawancinsu bututun sanyaya man giya a cikin tankin lagireto yake, zaka ga siraran bututu 2 sun shiga ƙasa ko gefe. Idan ya fashe a ciki, ruwan lagireto zai koma ruwan hoda mai kauri da kumfa kamar yogot, kuma wannan na ruɗar masu amfani da jan kulant domin suna ɗauka kalar ce kawai ta ɗan canza. An san wannan matsalar sosai a Nissan Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010, amma kowace otomatik mai tsohon lagireto na iya yi. Ruwa a cikin giya yana ɓanɓare fatun kuloci, tafiyar 'yan kwanaki ta isa ta gama da ita, to a canza lagireto a juye man giya fiye da sau ɗaya, cikin gaggawa.

Shi kuma tob gasket da kowa ke saurin ambata, yana da alamominsa: ruwa na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, farin hayaƙi mai ɗan ƙamshin zaƙi na fita a salansa ko bayan inji ya yi zafi, tiyon sama na yin tauri kamar taya minti kaɗan da tada mota, ko kumfa na ta ɓulɓulowa a bakin lagireto ba ta tsayawa. Akwai gwajin da ake yi da wani shuɗin ruwa a cikin gilashi a ɗora a bakin lagireto, idan hayaƙin inji na shiga ruwa sai shuɗin ya koma rawaya a motar fetur. Nemi garejin da ke da shi, kuɗin gwajin ba komai ba ne a kan kuɗin sauke inji bisa zato.

Wani abu kuma, idan an taɓa canza wa motar gasket a baya, tsohon maiƙo kan maƙale a tiyo da hita, wanki ya tayar da shi. Irin wannan kaɗan ne kuma raguwa yake bayan kowace ɗauraya. Idan ƙaruwa yake, yoyo na nan.

Mataki na 4: sake wankin yadda ya kamata

Wannan na masu gauraya ne da tsatsa da kumfa da koɗewa, wanda ya samu maiƙo sai an gyara inda ke yoyon tukuna.

Fara da robar ajiyar ruwa, cire ta gaba ɗaya. Kusan ba mai wanke ta kuma laka a gindinta take kwanciya, duk sanda inji ya huce yana zuƙo ruwa daga cikinta ya mayar lagireto, kaga kenan kana wanka ana watsa maka ƙasa. Zuba ƙananan tsakuwa da ruwa ka girgiza sosai har ta yi haske, ka ɗauraye, ka tabbatar ba tsakuwa ko ɗaya da ta rage.

Sai ka tara baho a ƙasa ka buɗe famfon lagireto ko ka cire tiyon ƙasa. Injinan Toyota da yawa suna da wani ɗan famfo a jikin bulok ta baya, buɗe shi ma, nan ne mafi munin ruwan ke fitowa. Rufe, cika da ruwa mai tsafta, tada mota ka murɗa hita zuwa ƙarshen zafi ko da ana rana, domin a wasu motocin sai ka yi haka ruwa ke zagawa ta ciki, kuma mu nan hita sai lokacin hunturu ake tunawa da ita shi ya sa take tara datti. Bari ta yi aiki har tiyon sama ya yi zafi fanka ta tashi. Kashe, jira ta huce, tsiyaye. Kar ka ɗura ruwan sanyi cikin inji mai zafi don sauri, kan silinda na iya lanƙwasa ko ya tsage.

Maimaita. Ga lissafin: idan rabi ke fita kowane zagaye, bayan na farko saura kashi 50 na tsohon ruwa, na biyu 25, na uku wajen 12, na huɗu wajen 6. Kaga dalilin da ya sa zagaye ɗaya ba ya isa. A motar yayana sai da muka yi 5 kafin ruwan ya fito ana ganin gindin baho, yini guda muka yi a kai domin jiran hucewar ne ke cin lokaci. Idan tsatsar ta yi yawa, cire tiyo 2 na hita a jikin bangon inji ka tura ruwa ta baya da tiyon famfon gida a hankali, ba da injin wankin mota ba, ƙarfinsa na fasa hita. Idan zaka sa maganin wanki ka sayi wanda aka yi don lagireto ka bi lokacin da aka rubuta a jiki, kar ka bar shi ya kwana biyu wai don ya fi ci. Soda irin ta yin sabulu kuwa ko kusa kar ta zo, cin alminiyom take, kuma lagireton yanzu da kan silinda duk alminiyom ne.

Zagaye na ƙarshe ko biyun ƙarshe ka yi da tataccen ruwa. Ruwan bohol na barin farin dutse irin wanda kake gani a butar shayi, haka yake yi a siraran hanyoyin lagireto. Idan wajen masu batir zaka saya ka jaddada musu tataccen ruwa kake so ba mai asid ba, duk "ruwan batir" ake ce musu kuma kuskuren nan ba ƙarami ba ne.

Mataki na 5: zuba sabon, kuma ka yi lissafi

Duba littafin motarka ka ga lita nawa take ɗauka da irin kulant da aka ce, ba kalar ba, sunan ko lambar. Ƙananan motoci irin Corolla wajen lita 6 suke ci. Yanzu ka duba jarkar, gauraye ne rabi da rabi ko tsantsa ne. A ce motarka na cin lita 6 kuma lita 3 na ruwan ɗauraya sun maƙale a ciki, ka kawo gaurayayye ka zuba lita 3, abin da ka samu kashi 25 ne kawai ba 50 ba, kala zata koɗe kuma kariyar tsatsa ta ragu da rabi. Idan tsantsa ne sai ka zuba lita 3 cif su haɗu da lita 3 na ruwan da ke ciki, shikenan ka samu daidai. Ruwan hodan Toyota gauraye yake zuwa, to ga mai amfani da shi dole a buɗe famfon bulok a fitar da ruwa iya yiwuwa, ko a cika a yi 'yar tafiya a tsiyaye a sake cikawa da shi, ya fi tsada amma haka ne. Kuma ka sayi iri ɗaya, kar yau ja gobe kore duk wanda ka tarar a gidan mai, wasu sinadaran idan sun haɗu suna rage wa juna ƙarfi, wani lokacin har su yi kauri su toshe hita. In zaka shiga kasuwar kayan mota irin Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo ka je wajen wanda ka sani, ka duba hatimin murfi, ka yi gwajin firizan nan kafin ka zuba ba bayan ka zuba ba.

Fitar da iska: faka motar hancinta na kallon tudu, murfi a buɗe, zuba a hankali, tada ta, hita a kunne, kana matsa tiyon sama, ruwa zai riƙa sauka kana ƙarawa har fanka ta tashi sau 2. Wasu motocin irin Peugeot 406 suna da ƙananan sukurorin fitar da iska, a buɗe su har ruwa ya fito ba kumfa. Rufe, cika robar gefe zuwa alamar, washegari da safe ka sake dubawa. Idan an taɓa cire maka tamostat, wannan ne lokacin mayar da shi tunda ruwa a waje yake, na Toyota da yawa a digiri 82 yake buɗewa kuma injin an yi shi ne ya yi aiki da shi. Murfin lagireto ma idan robarsa ta tsage canza shi, ba shi da tsada.

Sati na farko ka riƙa leƙa ƙarƙashin mota kowace safiya. Wani lokacin tsatsa ce ta toshe ƙaramin rami tun da daɗewa, wanki ya buɗe shi, musamman a famfon ruwa da ƙananan murafan ƙarfen da ke jikin bulok, ba sabon kulant ba ne ya huda kamar yadda ake cewa. Ka ɗebi ruwa a gora bayan sati 2 ka gwada da na jarka. Tsohon inji mai tsatsa na iya ɗan sake rina shi kaɗan, idan garau yake ba laka ka bar shi ka canza bayan wasu watanni, idan laka ta dawo sai a cire lagireto a duba ko a canza, a duba fuka-fukan famfon ruwa ko tsatsa ta cinye su.

Tsohon ruwan da ka tara dan Allah kar ka zubar a tsakar gida ko ka bar bahon a buɗe. Zaƙi gare shi, awaki da kaji da kyanwa na sha, yara ma kalar na jansu, kuma kaɗan ya isa ya lalata ƙoda. Juye shi a jarka mai murfi ka rubuta guba a jiki ka ɗora inda hannu ba ya kai, idan ya zube a ƙasa ka rufe da yashi ka kwashe. Idan yaro ya sha ko kaɗan ne kar a tsaya ba shi manja ko madara ana jiran a ga abin da zai faru, a tafi asibiti nan take da jarkar a hannu.